Layin da Yatsana Ke Ja

Litinin, 5 ga Mayu

Yaya ya sake lallasa ni. Rami tara muka buga, ya ci bakwai. Mace mai shekara hamsin da uku, da jikoki biyu, ina zaune a kicin ina cizon yatsa a kan wasan golf na waya. In abokan aikina suka ji, na shiga uku.

Shi ya sa ni saukar da wasan bayan rasuwar matarsa, wai mu riƙa haɗuwa kullum da yamma tunda gari ya raba mu. Shi can, ni nan, ƙwallo biyu a fili ɗaya. Bugun nesa ba ni da matsala, har na fi shi. Sai an zo dab da rami, inda ake jan babban yatsa baya a hankali a tura shi gaba a miƙe, nan nake zubar da girmana. Taku biyu ya rage, ƙwallon ta bi ta gefe kamar mun yi faɗa.

Laraba, 7 ga Mayu

Wasan nan yana da mugun hali. Bayan kowane bugu sai ya zana layin da yatsanka ya bi, abokin wasanka kuma yana gani. Nawa yau kamar tsutsa. Yaya ya turo saƙon murya yana dariya har da tari: "Auta, wannan layi ne ko sa hannun likita?" Nasa ban taɓa gani ba, ya kashe a saiti, wai sirrin sana'a.

Ni ce fa. Shekara ashirin da shida ina ɗibar jini a ɗakin gwaji. Mai Hannun Auduga ake ce min. Uwaye har jira suke yi da jariransu sai na iso, don ba na soka allura sau biyu. Amma ɗan layi guda ya gagare ni.

Na ce masa gilashin wayar ne ya tsufa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na canza gilashin. Layin yana nan yadda yake.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yau Yaya ya zama malami. Tsohon direban babbar mota, wai shi ke koya min riƙe hannu! Ya ce in daina riƙe wayar a sama, in kwantar da ita a kan tebur. In kafa gwiwar hannu. In danne ƙaramin yatsa a jikin teburin. In duba 'yan kibiyoyin da ke nuna gangare sau ɗaya tak, in fitar da numfashi, in buga kafin in sake shaƙa. "Kar ki daɗe kina auno, in kin daɗe hannu gardama yake farawa." Har da cewa kar in sha shayi mai kauri kafin wasa.

Na ce, "Yaya, duk a ina ka samo wannan?" Ya ce zaman banza ne.

Rami huɗu na ci. Na yi ihu har Baban yara ya leƙo yana tambaya ko ƙonewa na yi.

Talata, 13 ga Mayu

Ban so rubuta wannan ba.

Wani dattijo ya zo gwajin suga. Jijiyarsa ga ta nan ɓaro-ɓaro, ko ɗan koyo ba zai kuskure ba. Na soka, na wuce. Na sake, na sake wucewa. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, don Allah ka daina motsi mana."

Wallahi bai motsa ba. Ko gashin hannunsa bai motsa ba. Amma ya ce, "Yi haƙuri 'yata, tsufa ne." Shi ya ba ni haƙuri! Na manna masa auduga da filasta, hannun ya yi shuɗi. Doguwa, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai kan kwalabenta.

Da yamma na ci Yaya biyar da huɗu. Ko daɗi ban ji ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na kai dabarar Yaya wurin aiki. Gwiwar hannu a tebur, ƙaramin yatsa a danne a jikin hannun mai gwaji, numfashi waje, allura ciki. Mutum talatin da ɗaya, duk sau ɗaya. Na bar shayin safe ma.

Ya kamata in yi murna. Sai nake ji kamar ɓarauniyar da ta fita kasuwa ba a kama ta ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Maɓallin rigar Baban yara ya cire. Minti goma ina fama da zare da allura, ƙarshe na ce masa hasken ɗakin ne.

Na tuna kofin mahaifinmu, yadda yake ƙara a kan faranti tun daga ƙofar kicin saboda rawar hannunsa. Da yadda daga baya Yaya ke ba shi abinci a baki, ni kuma in fice don ba na iya kallo. Bari in tsaya nan.

Talata, 20 ga Mayu

Na gano inda ake kashe layin a saiti. Na kashe.

Rami na biyu Yaya ya kira. "Ina layinki?" Na ce, "Sirrin sana'a." Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Can ya ce, "Auta, tun yaushe?"

Na ce ba na jin sa, layin wayar ba kyau. Na katse. Ni da ban taɓa katse wa Yaya waya ba tunda nake.

Juma'a, 23 ga Mayu

Kwana uku ban shiga wasan ba. Gayyatarsa tana nan a fuskar waya, ɗan jan ɗigo.

Litinin, 26 ga Mayu

An kawo jaririya 'yar wata huɗu, zazzaɓi ya cinye ta. Uwar ta ƙi Doguwa, ta ce ni aka ce ta nema, awa guda tana jirana. Na ɗaura roba, na samu jijiyar a bayan hannu, siririya kamar zare. Na je kafa ƙaramin yatsa. Babu inda zan kafa shi, hannun duka bai kai yatsuna biyu ba.

Na ga bakin allurar yana rawa. Da idona na gani. Na fitar da numfashi, na sake fitarwa, bai tsaya ba. Yarinyar tana kallona ko kuka ba ta yi.

Na ce, "Doguwa, zo ki karɓa, safar hannuna ta yage." Ƙarya kuma. Sau ɗaya ta samu.

Da rana ta same ni a sito ina ta jera kwalayen da suke a jere. Ta rufe ƙofa ta ce, "Anti, wata biyu ina gani. Ban gaya wa kowa ba, amma yau na kusa." Ni na koya wa yarinyar nan riƙe sirinji. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Talata, 27 ga Mayu

Na danna jan ɗigon. Muka buga rami na farko. Da ya zo bugun kusa, sai ga layi ya fito a gefensa. Ya kunna nasa.

Innalillahi. Nawa tsutsa ne, nasa kamar an ba jariri biro. Kuma a haka ƙwallon ta shiga.

Na kira shi. Ya ce, "Kin zaci ido ne ya sa na ajiye sitiyari?" Shekara shida ke nan da ya bar tuƙi. Ya ce ranar da ya ga hannunsa na rawa a kan giyar mota, da kaya cike a baya, ranar ya miƙa makulli, ya gaya mana ido ne don kunya. Duk dabarun nan da yake koya min, da su yake shan ruwa a gaban mutane. Ya ce tun ranar farko ya gane layina. "Na koya miki don ki ci wasa ne, Auta, ba don ki kai wa 'ya'yan mutane ba."

Ban gaya masa maganar jaririyar ba. Kuka kawai na yi, yana ta cewa to ya isa, ya isa.

Litinin, 2 ga Yuni

Ba wani abu. Na ɗan shiga ofishin shugabar sashe, na gaya mata gaskiya. Na koma teburin karɓar samfur da rubuta sakamako, na ɗan lokaci ne. Alhamis zan ga likitan jijiyoyi, Baban yara ya nace sai ya raka ni. Wai ya daɗe yana jin ƙarar kofina. Kowa ya sani ashe, ni kaɗai ke ɓuya.

Dattijon nan ya dawo gwajin wata. Da na miƙa masa takarda na ce, "Baba, ranan nan ba kai ka motsa ba, ni ce." Ya dube ni, ya dubi takardar da ke karkarwa a tsakaninmu, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Da yamma biyar da huɗu, shi ya ci. Na mayar da layina. Yaya ya ce yanzu sa hannun likitoci biyu ke nan.

Na sha shayina mai kauri kafin wasan. Ya ɗan zube a faranti, na bar shi.