Baba Ya Ce Kwaɗi Ba Za Su Jure Tafiyata Ba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin kaina ya fashe. Ina karatun ilimin halittu a jami'a, kuma ni ce auta. Mama ta rasu, yayyena sun yi aure sun watse, gida daga ni sai Baba. Sai kuma kwaɗi.

Kada ki yi dariya tukuna. Bincikena a kan talibambam ne, yadda suke girma su zama kwaɗi. Da wuri ya yi mana kaɗan a ɗakin gwaje-gwaje, sai na kwaso robobina na jera a barandarmu. Ranar Baba ya yi faɗa kamar zai ari baki, wai shi likita ya zaci yana reno, ashe makiyayiyar kwaɗi ce.

To yanzu an zaɓe ni cikin shirin musayar ɗalibai, kuma zaɓi biyu aka ba ni. Ko dai shekara guda a wata ƙasa mai nisa da ɗan karen sanyi, inda suke da na'urorin da a hoto kawai nake ganinsu, ko zangon karatu ɗaya a ƙasa maƙwabciya, a sansanin bincike a bakin tafki. Raina na kan ta nesan, kuma makon gobe ake jiran amsata.

Da na gaya wa Baba, na zaci zai kawo maganar sanyi ko zaman kaɗaici. Ina! Sai cewa ya yi, "To wa zai kula da kwaɗin?"

Anti, mutumin da ya yi rantsuwa zai juye su a kwata! Ashe da safe in na fita shi yake canja musu ruwa. Har suna ya raɗa musu, mai ƙibar nan shi ne Ciyaman. Na ce zan mayar da su makaranta, ya ce ba su saba da can ba. Na ce a sake su, ya ce ba ni da imani. Abin haushin, Baba tsohon direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta. Yau ni ce kwaɗi za su tsare? Ina son tafiyar nan, amma wallahi ba na so in tafi ransa a ɓace.

Uwar Kwaɗi

Uwar Kwaɗi, na yi dariya, ki yafe mini. Amma ke da kike zama ki lura da ranar da ƙafar talibambam ta tsiro, ya aka yi kika kasa lura da mahaifinki? Shi ya saba ya tafi a jira shi. Bai taɓa zama a gida yana jiran wani ba, kuma bakinsa ba zai iya furta hakan ba, shi ya sa ya tura Ciyaman ya faɗa.

Duka zaɓin biyu masu kyau ne. Ki tambayi malamanki wanne ya fi dacewa da bincikenki, ki kuma tabbatar za a lissafa miki darussan can idan kin dawo. Idan ta nesan ce, ki tafi. Amma kada ki raina tafkin don yana kusa, mai nazarin kwaɗi ba ta asara a bakin ruwa.

Kafin ki ba da amsa, ki tara yayyenki su tsara yadda za su riƙa leƙo shi. Sannan ki daina neman inda za ki kai robobin nan. Ki damƙa masa su hannu da hannu, ki ce kowace safiya kina jiran rahoto ta waya, kuma ke ce za ki kira.

Allah ya ba da sa'a, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Idan kin kira, ki fara tambayar Ciyaman, Baba zai gane da wa kike.