Muryar Rifkatu a Kaset ɗin Zumunta

Lahadi da dare, Kafanchan.

Yau gidan rediyon nan na intanet ya saka kaset ɗin waƙoƙin zumuntar matan cocinmu da na ba su aro. Na saurara har ƙarshe, amma ban ji muryar marigayiya matata Rifkatu ba.

Na kira Danladi, injiniyansu. Ya ce, "Baba, layin siriri ne, dole na'ura ta matse sauti. Abin da kunne ba ya ji kawai take zubarwa."

Na ce masa nawa kunnen yana jin ta sarai.

Abin da ya hana ni barci shi ne, muryar mahaifiyar Danladi, wadda suka yi waƙar tare, ta fito tas. Gobe da sassafe zan karɓo kaset ɗina, kafin shi ma a gyara mini shi.