Bakin dutsen wasa wuƙa

Talata da dare, bayan ƙaramar Salla, 1995

Yatsana sai zogi yake, kuma ɗana Sani ne ya ja mini. Da yamma ya dawo daga koyarwarsa ta Abuja, ya tarar ina wasa wuƙaƙen mahauta. Ya tsura wa dutsen ido yana juyawa, ya ce wai da tururuwa za ta hau bakin dutsen da sandar awo, kewayen da za ta auna ya fi wanda ni da ke tsaye zan auna. Wai sandarta ce ke gajarcewa saboda gudu, amma daga tsakiya zuwa baki awonmu ɗaya.

Na ce, "Kai, dutse ɗaya, awo biyu?"

Na ɗauko zare ina taka fedar da ke juya dutsen, zan gwada. Dutsen ya fizge zaren ya haɗa da fatata. Mahautan suka kwashe da dariya. Sani ya ce sai gudun ya kusa na haske ake ganin bambancin. Na ce to ya faɗa mini dalili. Sai ya ce, "Baba, bar shi kawai, ba za ka gane ba."

Ba ciwon yatsan ne ya hana ni barci ba. Haka babana ya ce ranar da ya kai ƙanina makaranta ya tura ni gona a Maje. Na haɗiye waccan, wannan kam ba zan haɗiye ba. Yaron da na koya wa tsarki!

Makullin babur ɗinsa yana ƙarƙashin matashina. Gobe ɗaliban Abuja su jira, ni zai fara koya wa.