Kwalbar Da Na Fasa

Barkin Sale, Minna.

Zuwa ga Rukayat, sanyin idona, ruwan randata a tsakar ranar Minna, amaryata da ciwo ya riga ni ɗauka! Amincin Allah ya lulluɓe ki.

Badarunki ne, mai walda, mai baƙar zuciya, wanda yayanki Ndagi ya rantse zai karya wa ƙafa in ya sake taka zaurenku. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne shi, da ba ƙafa kaɗai zan karya ba.

Yau kwana shida da na fasa kwalbar. Tun ranar da likita ya ce ciwon dajin ya tashi daga ƙashin cinyarki ya kama huhu, a mayar da ke gida a riƙa kashe miki zafi kawai, nake yawo da wuta a ƙirji. Shekarunki ashirin da ɗaya, a ce an gama? A bakin shagonmu aka yi ta hure min kunne, wai mofin, maganin kashe zafin da ake ba ki, maganin sallama ne, wai wanda aka fid da rai da shi ake ɗura wa don ya tafi da wuri. Na shigo gidanku na tarar da Sista Christiana, nas ɗin da ke zuwa duba ki, tana zuƙo shi a sirinji. Na fizge kwalbar na maka ta da bango. Ni a haukata ceton ki nake yi!

Kwana biyu kina ihu kafin Ndagi ya samo wata. Ina bayan katangarku, na ji komai. Na ji kin kira Allah, kin kira mamanki, har muryar nan da ta fi kukan kurciya taushi ta tsage. Sunana ne kawai ba ki kira ba. Na naushi katangar har fatar yatsuna ta saɓule, me ya rage miki? Sista ta fito ta wanke ni tas, ta ce awon maganin da take ba ki ba ya kisa, barci da numfashi yake ara miki, kuma ke da bakinki kika zaɓe shi. Ban taɓa tambayar ki abin da kike so ba.

Kin tuna ranar da wani ɗan acaɓa ya goge ki a mahadar layin dogo? Na shaƙe shi sai da idonsa ya firfito. Kika kama wuyan hannuna da yatsu biyu, biyu tak, na sake shi. Wayyo Rukayat, wa zan shaƙe yanzu? Da ciwon nan yana da wuya, da na murɗe shi. Da ƙarfe ne, da na yanka shi gunduwa-gunduwa na watsa a kwata. Na rasa inda zan kai duka, sai dukan ya sauka a kanki.

Na daina faɗa da likita. Na san tafiya za ki yi, ga shi na rubuta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki tafi alhali abin da kika gani na ƙarshe a fuskata haukan nan ne.

Ga saƙo a hannun Sista. Gida ne na ƙera wa sabuwar kwalbarki, da ƙarfe mai kauri, na shimfiɗa robar taya a ciki. Na sa kwalbar banza na gwada, na maka shi da bangon shago sau bakwai da duk ƙarfina. Bangon ya ɓantare, kwalbar ko tsagewa ba ta yi ba. Yanzu babu mahaukacin da zai iya fasa miki ita, har ni.

In kin yafe, ki sa Ndagi ya buɗe min ƙofa gobe da la'asar, lokacin maganinki. Ba zan taɓa komai ba. Zan durƙusa gaban gadonki in miƙo miki wuyan hannun nan, ki riƙe da yatsu biyu har zafin ya kwanta.

Naki, yau da ranar da za a ɗauke ki, da duk ranakun da za su biyo baya,

Badaru.