Hancin Baba

Zuwa ga Inna, a Maijirgi.

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Yaya Sirajo ya gama shibka?

Ni lafiya lau, aikin shagon kwalliya ba wuya. Kin tambayi abin da ya hana ni aiko hoto. Inna, uwar ɗakina ta yi mini allurar miƙe hanci, don masu shigowa su gani su so. Ba yanka ba ne, kada ki damu. Wai bayan shekara yakan koma yadda yake, amma da ya fara komawa sai ta ƙara wata. Takarduna kuma suna hannunta.

Kullum kina cewa hancin marigayi Baba na ɗauko. Don Allah a turo mini hotonsa, in riƙa dubawa.

'Yarki Zara'u, daga Dubai.