Kalmar Inna da Babu a Waya

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya yara? Mu lafiya lau, kwanakin aiki kawai aka rage mana a gidan wanki. Kada Baba ya ji.

Kin tuna "kwalanzo"? Jiya ban yi girki ba, sai na ji bakina ya ce wa 'yata yau kwalanzo za mu yi. Ta bincike waya kaf, har inda matasa ke zuba sababbin kalmominsu, babu. Kaina ya ɗaure. Ina Inna ta samo ta? Ni dai na san ranar kwalanzo ba ta ɗora tukunya, sai ta tara mu a tabarma mu yi ta wasa. Yaya, wai dama ba wasa ba ne?

Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanwarki,
Auta