Alewar da Ammi Ta Ƙi Ci

Malerkotla, Indiya
15 ga Mayu, 1998

Ƙanwata Rukhsana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Tufail da yara.

Kin dai ji a rediyo, ƙasarmu ta gwada bam ɗin nukiliya. Har ganga aka buga a unguwarmu. Maƙwabcinmu Gurdev ya shigo da faranti cike da alewa, Ammi ta tambaye shi ta bikin wa ce. Ya ce, "Ta bam ce, Ammi. Yanzu Pakistan ba ta isa ta ɗaga mana murya ba." Ta ce, "Wato kan 'yata da ke can za ku jefa shi?" Bawan Allah ya kwashi farantinsa ya fita sum-sum.

Tun ranar ba ta cin abin kirki. Likita ya ce zuciyarta ce. Kin san ban iya roƙo ba, amma ki zo.

Yayanki,
Mushtaq

Lahore, Pakistan
4 ga Yuni, 1998

Yaya Mushtaq sarkin taurin kai,

Wa'alaikumus salam. Ya jikin Ammi? Allah ya ba ta lafiya.

To, mun rama! Mu ma mun gwada namu. Da ka ga Tufail yana rawa a titi da wannan tumbin nasa, ya shigo gida yana ihun an yi kunnen doki. Na miƙa masa wasiƙarka. Ya karanta, ya ce, "Ba inda za ki sai ƙura ta lafa." Na ce, "Uwata za ta jira ƙurar?"

Kwana huɗu ban ce masa uffan ba, abincinsa kuma na cika masa barkono. A rana ta biyar da kansa ya hau mota zuwa Islamabad ya bi mini layin biza.

Ka gaya wa Ammi ta ci abinci, in ba haka ba ni ma na daina. Ka rungume mini ita.

Ƙanwarka,
Rukhsana

Lahore
29 ga Yuni

Yaya,

Salam. Biza ta fito, tawa kaɗai, kwana talatin. Ka tare ni a tashar jirgin ƙasa ta Attari, ta bakin iyaka, ranar Alhamis.

Tufail na ta share ido wai mura ce. Ya ce a gaya wa Ammi ta kwantar da hankalinta: muddin matarsa na can, babu mai harba komai sai ya bi ta kansa.

Sai na zo,
Rukhsana